"Water" suna ne ko aikatau? Muhawara kan azuzuwan kalmomin Turanci

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Malaman Turanci da ke nan, don Allah ku warware mini wani abu da ya tsaya mini a rai tun jiya. Yarona yana aji biyu na ƙaramar sakandare. An yi musu gwaji, aka rubuta "We water the onions every evening", aka ja layi a ƙarƙashin "water", aka ce su faɗi ajin kalmar. Ya rubuta noun, malami ya soke da jan biro ya rubuta verb. Yaron ya dawo gida ido jawur, domin ni da kaina na zaunar da shi ya haddace cewa noun sunan mutum ne ko dabba ko wuri ko abu. To, ruwa ba abu ba ne? Ba na son in je makaranta in ɗaga murya alhali ban san inda gaskiya take ba.

Malamar Sakandare: Wa alaikumus salam Hajiya. Gara da kika tambaya kafin ki je. Malamin ya yi daidai, amma shi ma yaron ba wauta ya yi ba, abin da aka ba shi ya mayar. A wannan jimlar "water" ba ruwan da ke cikin bokiti ba ne, ban-ruwan da ake yi wa albasar ne. Ki gwada da shi yau da dare. Ki ce ya mayar da maganar jiya, zai ce "We watered the onions". Ki ce ya mayar da ita gobe, zai ce "We will water". Ki ce ya sa mutum ɗaya, zai ce "He waters". Duk kalmar da take sauyawa da lokaci haka aikatau ce, wato verb. Sannan ki ba shi "The water is cold" ki ce ya mayar da ita jiya. Zai ga "is" ce ta koma "was", "water" ko motsi ba ta yi ba, ga kuma "the" a gabanta. A nan suna ce. Kalma ɗaya, rubutu ɗaya, aiki biyu.

Uwar Biyu: Ikon Allah. To Malama, haddar da na sa shi ta tashi a banza ke nan?

Tsohon Hedimasta: A'a 'yata, ba ta tashi a banza ba, kada ki bari a sanyaya miki gwiwa. Shekara 35 na yi da alli a hannu, kuma da wannan haddar na fara wa kowane aji. Noun, pronoun, verb, adjective, adverb, preposition, conjunction, interjection, guda 8, kowanne da ma'anarsa, yara suna rerawa har mai wucewa a hanya ya ji. Cikin waɗanda na koyar akwai likitoci da alƙalai yau. Yaro ɗan shekara 8 ba ka fara masa da gwaje-gwaje, sai ka ba shi abin da zai riƙe a ka. Gini ba ya tashi sai da harsashi.

Malamar Sakandare: Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa cewa haddar ta yi wa mutane rana ba, ni ma da ita na tashi. Abin da ke damuna shi ne yaran da suke zuwa hannuna a babbar sakandare ba su taɓa wuce ta ba. An ce musu verb shi ne "doing word", kalmar aiki. Sai in rubuta musu "The arrival of the governor caused a stampede". Rabin aji sai su ja layi a "arrival" da "stampede", tunda isowa aiki ce, turmutsitsi ma aiki ne. Alhali duk biyun sunaye ne, aikatau ɗin shi ne "caused". In kuma na rubuta "She resembles her mother" ko "He owns two shops", sai su tsaya cirko-cirko suna neman aiki, don mai kama da uwarta ba ta yi komai ba, mai shago biyu ma yana iya zama yana kwance. Ma'anar da aka ba su ce take ɓatar da su.

Kuma ko a Hausa haka abin yake. Barci aiki ne a ido, amma a nahawu suna ne, shi ya sa muke cewa "ya yi barci", ba ma cewa "ya barci". Haka magana, haka dariya, haka wasa. Sai an jingina su da "yi".

Almajirin Zaure: Salamu alaikum. Ni ban yi nisa a boko ba, amma ku ba ni dama in sa baki, domin abin da Malama take faɗa ya yi daidai da abin da muka karanta a gaban malamanmu. Wanda duk ya yi Ajuruma, littafin nahawun Larabci, ya san cewa a farkonta an raba magana gida uku: ismu (suna) da fi'ili (aikatau) da harafi. Wannan rabon tun daga Sibawaihi yake, malamin Basra da ya rasu wajen shekara ta 180 bayan hijira. Abin lura shi ne, mai Ajuruma, wanda ya rasu a Fas a 723, bai tsaya dogon bayanin mene ne ismu ba. Alamomi ya lissafa. Ya ce ana gane ismu da jarra da tanwini da shigar alif da lam da haruffan jarra. Ana gane fi'ili da ƙad da sin da saufa da ta'in mace mai sukuni. Harafi kuma shi ne wanda alamar wannan ba ta hawansa, ta wancan ma ba ta hawansa. To da na ga Malama ta ce a duba ko "the" na shiga gaban kalma, sai na ce ai wannan alif da lam ne. Da ta ce a gwada "will", na ce ai saufa ce.

Malamar Sakandare: Allah ya gafarta Malam, wallahi ka ba ni abin da zan shiga aji da shi ranar Litinin. Yawancin ɗalibaina suna zuwa Islamiyya da yamma, ban taɓa tunanin in haɗa musu biyun ba.

Tsohon Hedimasta: To Malam, tsaya in tambaye ka. Ita Ajurumar, ba haddace ta kuka yi ba? Na san yaran da suke karanta ta da ka tun ba su san ma'anar rabinta ba. Ashe maganata ce ta fito.

Almajirin Zaure: Haddacewa muka yi, Baba, ba na musu. Amma duba abin da muka haddace. Mun haddace ma'aunin da za mu ɗora kowace kalma a kai, ko da ba mu taɓa jin ta ba. Da an sa mu haddace cewa ismu shi ne sunan abu kawai, da mun shiga irin halin da yaron Hajiya ya shiga ranar da muka gamu da masdari, tunda duka da tafiya da zama duk ismu ne a Larabci. Ni ba na faɗa da hadda. Tambayata ita ce me za a haddace.

Tsohon Hedimasta: Wannan kam magana ce. Zan yi tunani a kanta.

Mai Shirin WAEC: Don Allah ni ma ina da tambaya. Littafin da muke amfani da shi a makaranta ya ce azuzuwan 8 ne, na wurin lesin kuma ya ce 9, ya ƙara determiner. Wanne ne na gaskiya? Kaina ya ɗaure.

Ɗalibin Harsuna: Ƙanwata, babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma sai kin san inda 8 ɗin ta samo asali kafin hankalinki ya kwanta. Ba don Turanci aka yanka ta ba, rigar aro ce.

Tana komawa ga wani ɗan littafin nahawun Girkanci da ake dangantawa da Dionysius Thrax, wanda ya yi karatu a Iskandariya sama da shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi ya lissafa guda 8, amma ba irin namu na yau ba. A cikin nasa akwai article (irin "the") da participle (kalmar da ta fito daga aikatau tana aikin sifa), babu interjection, kuma sifa ba ta da ɗaki nata, a ƙarƙashin suna take zaune. Da Rumawa suka ɗauko tsarin don Latin, sai suka tarar harshensu ba shi da kalma irin "the". Suka cire article suka sa interjection a gurbinsa, adadin ya zauna a 8. Haka Donatus ya koyar a ƙarni na 4, haka Priscian wajen shekara ta 500, kuma da littattafansu aka yi ta karantar da yaran Turai ɗaruruwan shekaru.

A Ingila kuwa, makarantun da ake kira na nahawu Latin ake koyarwa a cikinsu. Nahawun Turanci na farko da aka buga shi ne na William Bullokar a 1586, kuma a kan ƙirar Latin ya ɗora shi. Daga baya Robert Lowth a 1762 da Lindley Murray a 1795 duk guda 9 suka lissafa, don sun ga ba yadda za a yi a bar "a" da "the" ba gida. Kin ga ke nan 9 ma ba sabon abu ba ne. Littattafan da suka tsaya a 8 sai suka tura "a" da "the" cikin sifa. Masana na yanzu suka ce wannan bai zauna ba, domin kina iya cewa "a very tall man" ko "a taller man", amma ba ki iya yi wa "the" ko "my" ko "every" haka. Sai suka ware musu aji, shi ne determiner, abin da a nahawun Hausa ake ce wa mafayyaci. Babban nahawun da Huddleston da Pullum suka fitar a 2002 ma ya wuce nan, ya mayar da wakilin suna wani reshe na suna, ya kuma raba conjunction gida biyu.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga kowa daga Nijar. Mu da muka yi lakwal da Faransanci 9 aka koya mana, da article a ciki. Sai da na fara koyon Turanci saboda kasuwancin da nake yi da Kano na ji ana cewa 8, na zaci Turanci ne ya fi Faransanci ƙarancin kalmomi. Abin da ya fi wahalar da ni kuma shi ne wanda Hajiya ta kawo. A Faransanci aikatau yana da wutsiyar da kake gane shi da ita tun daga nesa. A Turanci sai ka ga "order", "price", "ship", "load", ba ka san ko kaya ake nufi ko abin da za a yi da kayan ba sai ka karanta saƙon duka.

Ɗalibin Harsuna: Yallaɓai, dalilin ke nan da ya sa matsalar ta fi tsanani a Turanci. Tsohon Turanci, na kafin Normawa su ci Ingila a 1066, yana da irin waɗannan wutsiyoyin a jikin suna da aikatau da sifa. A ƙarnonin da suka biyo baya yawancinsu suka zube. Da suka zube sai suna da aikatau suka koma kama ɗaya a kalmomi masu yawan gaske, nauyin ya koma kan wurin da kalma ta zauna a jimla. Shi ya sa Bature yake ɗaukar suna ya yi aikatau da shi ba tare da ya ƙara ko harafi ɗaya ba: "to book", "to chair", "to phone", "to text". Ku dubi "round" kaɗai. A "a round table" sifa ce. A "the second round" suna ce. A "the lorry rounded the bend" aikatau ce. A "they sat round the fire" preposition ce. A "come round tomorrow" bayanau ce, wato adverb. Wanda ya tambaye ka ajin "round" bai ba ka jimla ba, bai gama tambayarsa ba.

Mai Shirin WAEC: Na gode Yaya. Amma in an tambaye ni a jarrabawa, me zan rubuta?

Malamar Sakandare: A gwajin makaranta ki bi littafin da malaminku yake koyarwa da shi. A WAEC kuma, ki ɗauko takardun shekarun baya ki duba sashen comprehension. Za ki ga ana ciro wani yanki na jimla a ce ki faɗi "grammatical name" ɗinsa, sannan ki faɗi "function". Wato sunansa a nahawu da aikin da yake yi a wannan jimlar. Akwai kuma inda ake ba ki kalmomi a ce ki kawo wadda za ta maye gurbin kowacce yadda aka yi amfani da ita a cikin labarin. Nan yara suke zubar da maki ba su sani ba. An ba ki "reluctantly", kin rubuta "unwilling". Ma'ana ta yi kusa, amma an ba ki bayanau kin mayar da sifa, in kika saka ta a jimlar ba za ta zauna ba. "Unwillingly" ake nema. An ba ki aikatau mai "-ed", dole taki ma ta zo da shi.

Har a sashen furuci abin yana biyo ki. "Record" in suna ce ƙarfin murya a gaɓar farko yake, in aikatau ce sai ya koma ta biyu. Haka "present", "export", "conduct", "object".

Sannan ki kiyayi wata dokar da ake ba yara, wai duk kalmar da ta ƙare da "-ly" bayanau ce. "Friendly", "lonely", "lovely", "cowardly" duk sifofi ne, shi ya sa "he greeted me friendly" ba ta yi ba. "Fast" kuma ba ta da "-ly" amma bayanau ce a "he drives fast". Mafi haɗari ita ce "hardly". Na sha ganin yaro yana son yabon mahaifinsa ya rubuta "my father hardly works", bai san ya ce uban kusan ba ya aikin komai ba.

Direban Tirela: Ni dai ina karantawa ina ƙaruwa, amma akwai abin da ya tsaya mini. Kun ce Bature yana ɗaukar "water" ya mayar da ita aikatau, an ce daidai ne. To mu da muke cewa "off the light" da "on the fan", ko abin da ake rubutawa a bayan motocinmu, "horn before overtaking", me ya sa ake cewa mun yi kuskure? Ba abu ɗaya muka yi da shi ba? Ko don shi mai harshen ne?

Ɗalibin Harsuna: Wallahi Yaya tambayarka ta fi ƙarfin a wuce ta. Ta fuskar yadda harshe yake aiki, abu ɗaya ne sak. Ka ɗauki kalma daga wani aji ka sa ta aikin wani, kuma duk ɗan Najeriya ya gane ka. Har "he seniors me" da muke ji, sifa ce aka mayar aikatau. Bambancin kawai karɓuwa ne: "to water" ta daɗe a bakin masu harshen har ta shiga ƙamus da rubutu, tamu kuwa a nan ta tsaya. Kuma ƙofar ba a rufe take ba. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, ciki har da "okada" da "danfo" da "next tomorrow" da "Kannywood", har da "severally" da ma'anar da muke ba ta ta sau da yawa, wadda malamai suka daɗe suna sokewa.

Tsohon Hedimasta: A nan kam ɗana ba na tare da kai. Ku 'yan jami'a kuna da sararin cewa komai harshe ne. Ni ina tuna ɗan talakan da zai rubuta takardar neman aiki. In ya rubuta "off the light" a gaban wanda zai ɗauke shi, ba za a tambaye shi tarihin Normawa ba, ajiye takardar za a yi. Tausayin yaro shi ne a gaya masa "switch off" tun yana ƙarami.

Ɗalibin Harsuna: Baba, ban ce kada a gaya masa ba. Cewa na yi a gaya masa dalili. In ka ce masa "off" ba ta karɓar "-ed" a daidaitaccen Turanci, don haka tana buƙatar aikatau kamar "switch" ko "turn" a gabanta, ya samu abin da zai gyara wasu goma da shi. In ka ce masa jahilci ne kawai, ya ji kunya, gobe kuma ya sake.

Malamar Sakandare: Ni a aji abin da nake ce musu shi ne akwai Turancin tasha da kasuwa, akwai na takarda, kuma mai hankali yana riƙe duka biyun ya san inda zai fito da kowanne. Amma mai duba jarrabawa na takarda yake nema, wannan ba na ɓoye musu.

Direban Tirela: Na gamsu da rabi. Sauran rabin zan ci gaba da tunaninsa a hanya.

Uwar Biyu: Jama'a na dawo da labari. Jiya bayan isha'i na zauna da yaron, na yi masa yadda Malama ta ce. Na ba shi "They fish in the river" da "The fish is big", ya mayar da su jiya da kansa, ya ce ta farko verb ta biyu noun. Na ba shi "book" da "cook" da "rain", duk ya raba su. Da na faɗa masa maganar alif da lam sai ya yi dariya, ya ce ai an yi musu wannan a Islamiyya. Baba Hedimasta, haddar ma ban ce ya zubar ba, na ce ya riƙe ta amma ya riƙa gwadawa kafin ya rubuta.

Sai dai ya ɗaure ni da wata. Ya ce a "onion farm", "onion" ɗin mece ce? Tana bayyana gonar, to sifa ce ke nan? Na ce ya bari in tambayo.

Tsohon Hedimasta: Allah ya yi wa yaron nan albarka, mai irin wannan tambayar ba ya ɓata. Mu a zamaninmu cewa muke yi noun used as an adjective, suna da aka ara ya yi aikin sifa.

Malamar Sakandare: Amin Baba. Hajiya, ki ce ya ɗora ta a ma'aunin sifa ya gani. Sifa tana karɓar "very", tana karɓar "-er" ko "more", tana kuma iya komawa bayan "is". Ana cewa "a very big farm", "a bigger farm", "the farm is big". Ya gwada da "onion": "a very onion farm", "the farm is onion". Kunnensa ma zai ƙi. Don haka suna ce, ta zauna a gaban wani sunan tana fayyace shi, kamar "school bus" da "stone wall" da "tea cup". Ki tambaye shi da Hausa, a "gonar albasa" akwai wanda zai ce albasa sifa ce? Wasu littattafan suna kiranta yadda Baba ya faɗa, don haka in malaminsu ya tambaya, ya rubuta cewa noun ce mai bayyana "farm". In malamin ya soke, ki turo mini hoton takardar in gani kafin ki je makarantar.